Fandeshan ga macen da ta haura hamsin: Mary Kay, Zaron ko Fit Me?

Mafi yawan kayan kwalliyar da ke jere a shagunan Zoo Road da Sabon Gari ba don mu aka saro su ba. 'Yan mata ne masu ciniki, su ne kuma masu fama da maiƙon fuska da ƙuraje, don haka ɗan kasuwa yake cika shagonsa da fandeshan (abin da ake shafa wa fuska don launinta ya daidaita) mai shanye maiƙo, wanda ake rubuta wa Matte a jiki. Ke da kika haura hamsin, in kika shiga kika ce a ba ki mai kyau, shi za a miƙo miki. Kuma ba ƙarya aka yi miki ba, mai kyau ne, sai dai ba naki ba ne.

Ni malamar makaranta ce, saura kaɗan in ajiye aiki, a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune. Wankan tarwaɗa ce ni mai ɗan duhu, ina sa tabarau, kuma ban taɓa shafa man bilicin ba. Na faɗi wannan ne don wadda za ta karanta ta san da fuskar da aka yi gwajin. Abin da nake nema a wurin kwalliya ba shi da yawa. Ina so in na shiga ofishin malamai a ce min, "Hajiya, kin huta," kada a ce, "Wa ya yi miki kwalliya?" In aka yi min tambaya ta biyu, to kayan sun yi yawa.

Tun da al'ada ta ɗauke min fuskata ta sake hali. Da can kafin azahar goshina yake ƙyalli, yanzu kuwa ko a bazara kumatuna a bushe suke tashi. Likitocin fata suna cewa mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin, sinadarin da ke riƙe fata ta cika, a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada, man da fata ke fitarwa da kanta ma ya ragu. Mu baƙaƙe Allah ya rufa mana asiri ta wajen tamoji, ba ma saurin tattarewa yadda Turawa suke yi. Tamu matsalar launi ce. Ƙasan ido ya yi duhu, gefen baki ya yi duhu, saman kumatu ya yi dabbare-dabbare, wasunmu kuma ga 'yan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke fitowa kusa da ido, waɗanda akan gada a wurin iyaye. To mace ta duba madubi ta ga duhu nan, haske can, sai ranta ya ba ta ta rufe duka da abu mai kauri. A nan ake faɗawa rami. Abu mai kauri a kan busasshiyar fata, a hunturun Kano, ba ya awa biyu sai ya tsattsage kamar taɓon kududdufi a watan Afrilu, duk wani layi da ba a gani da, yanzu ya fito ya yi sallama.

Shi ya sa ni ba sunan kamfani nake fara tambaya ba. Kusan kowane babban kamfani yana yin iri biyu, na mai maiƙo da na mai bushewa, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, kalma guda ce ta raba su. Sannan akwai jarrabawowin garin nan da babu wani ɗan talla a Instagram da zai gaya miki.

Babbar cikinsu alwala ce. Abin da aka koya mana a Islamiyya shi ne duk abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da fata sai an gusar da shi. Lalle da kwalli launi suke bari, ba sa tare ruwa, amma fandeshan da aka yi shi musamman don ruwa ya zame a kansa wani abu ne daban. Saboda haka duk wanda aka rubuta wa awa 24, ko aka ce ruwa ba ya cire shi, ni a wurina aibi ne ake tallatawa da sunan falala. Me zan yi da awa 24? Ƙarfe bakwai na safe nake shafawa, kafin ƙarfe biyu na tsaya a bakin famfon makaranta. Abin da nake bukata ya riƙe ni daga safe zuwa azahar, in na sa ɗan sabulu ko na goge da jiƙaƙƙen tsumma ya fita tas, ba sai na dirje fuskata ba. Fatar mai shekaru ba ta son dirza, musamman ƙasan ido. Na sha ganin mata a gidan biki ana kiran la'asar suna kallon juna, kowacce tana lissafin dubban da ta biya mai kwalliya. Wannan lissafin ba na so in taɓa yin sa.

Bayan alwala sai rana da hijabi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, in kina cikin adaidaita sahu a cunkoson Ƙofar Nasarawa za ki san abin da kika shafa. Gefen farin hijabi kuwa shi ne mai tona asiri: wadda ta dambara da yawa, a bakin hijabinta ake karantawa.

Da Mary Kay zan fara, don ita ce uwa a garin nan. An yi shekaru akwatin lefe bai cika ba sai da ita, har sunan ya zama in an ce Mary Kay to fandeshan ake nufi, ko na waye. Matar da ta kafa kamfanin, Mary Kay Ash, tana da shekara 45 ta fara a birnin Dallas na Amurka a 1963, wato ita ma ba yarinya ba ce lokacin. Layinsu na TimeWise iri biyu ne, akwai Matte akwai Luminous. Na biyun shi ne na mai busasshiyar fata, shi ne kuma wanda za ki sha yawo kafin ki samu, don masu shago sun ce ba ya tafiya. Launukansu an kasa su gida uku, Ivory, Beige da Bronze, mu a Bronze muke, masu haske sosai su taɓa Beige.

Gaskiya Luminous ɗin ya iya zama a fuska. In kika matso shi a bayan hannu za ki ga yana da ɗan ruwa-ruwa, in kika murza da yatsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, bi yake yana narkewa. A fuskata, abin da ya burge ni shi ne layukan nan biyu da suka sauko daga gefen hanci zuwa baki. Nan ne maƙwancin fandeshan, nan yake taruwa ya yi fari-fari in an yi dariya. Wannan bai taru ba. Da azahar na cire tabarau na duba, in ban da guraben nan biyu a karan hanci inda tabarau ke zama, ko'ina yana nan lafiya, fuskar tana da ɗan sheƙi irin na wadda ta sha ruwa ta yi barci. A hunturu ban ga na biyunsa ba. A bazara kuwa, duk fandeshan mai taushi haka halinsa yake, sai kin riƙa danna goshi da hanci da hankici, dannawa ba gogewa ba.

Abin da ya hana ni ce wa kowa ta ruga ta saya abu biyu ne, kuɗi da jabu. Jabun ba laifin kamfani ba ne, duk abin da ya yi farin jini a kasuwa sai an yi masa ɗan kishiya. An taɓa sayar min da na wani kamfani a wani shago cikin kasuwa, mai shagon yana rantsuwa daga Dubai ya zo da shi da hannunsa. Kwali tsaf, rubutu tsaf. Da na buɗe a gida wari ne ya fara gaya min, wani ƙauri-ƙauri na fenti, ruwan ya rabu da launin, mai ne ya fara fitowa kafin abin ya biyo baya. Na mayar masa, ya ce an riga an buɗe. Tun daga nan ga abin da nake dubawa: lambar da aka buga a gindin bututun ta dace da ta jikin kwali, rubutun ba ya goguwa in an kankara da farce, murfin yana rufuwa daidai. Lambar NAFDAC tana taimakawa ga kayan da aka shigo da su ta ƙa'ida, amma wanda Hajiya ta ɗauko a akwatinta daga Amurka ba za ki gan ta a jiki ba kuma na gaske ne, mai jabu kuma ba ya jin nauyin buga lambar ƙarya. Farashi ya fi komai faɗin gaskiya. In abin da ake sayarwa da tsada a ƙasar da aka yi shi ya zo Kano ya fi can sauƙi, araha ba ta ado.

Sai maganar kuɗi. Kafin tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Albashin malamar makaranta bai bi ta ba. Wannan ne ya sa na waiwayi na gida, kuma da ba don haka ba da har yanzu ina cikin masu ɗaga hanci in an ce na Najeriya ne.

Na gidan ba jiya suka fara ba. Tara Fela-Durotoye ta kafa House of Tara tun 1998, Oke Maduewesi kuma, wadda ta baro aikin banki, ta fito da Zaron a 2011. Akwai wasu bayansu, irin su Nuban Beauty. Ni Zaron na riƙe, fandeshan ɗinsu na ruwa mai suna Healthy Glow.

A wani shago na Zoo Road na same shi, kuma yarinyar da ke tsaron wurin ta san aikinta. Na miƙa mata bayan hannuna ta gwada, ta ce, "A'a Mama, hannunki ya fi fuskarki duhu, kina tuƙi ne ko kina yawan shiga rana?" Ta ɗauko kala uku da ke kusa da juna, ta ja min layi uku a muƙamuƙi, daga kunci zuwa wuya. A ƙarƙashin farin ƙwan shagon duka ukun ɗaya suke a idona. Ta ba ni ƙaramin madubi ta ce in fita bakin titi. Ina fita rana ta raba gardama: na farko ya yi toka-toka, na uku ya yi ja kamar ba jikina ba, na tsakiya kuwa sai da na nemi inda aka shafa shi. Na dawo zan biya ta ce, "Mama, ki ɗan zauna tukuna." Ta kawo min kujera da ruwa, muka yi kusan kwatan awa muna hira, sannan ta ce in sake fita. Dalilinta shi ne wasu fandeshan suna sake launi in sun haɗu da man fata da iska, su yi duhu ko su koma ruwan lemo, kuma ba a gane wa sai an jira. Wannan bai sake ba. Na ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, wa ya koya miki?" Ta ce uwar ɗakinta. Duk shagon da ba shi da na gwaji a buɗe, ko aka hana ki fita rana da madubi, ki yi musu sai an jima.

Inda Zaron ya ci ni shi ne launi. Fatar baƙar mace ba duhu da haske kaɗai gare ta ba, a ƙarƙashi akwai mai ja-ja, akwai mai rawaya-rawaya, akwai wadda ke tsakiya. Kamfanonin waje da yawa sun daɗe suna yin kala goma na Turawa su jefo mana biyu a ƙarshe, sai a 2017 da Fenty Beauty ta fito da kala 40 a tashi ɗaya sannan sauran suka farka. Wanda ya fara da baƙar fata tun ranar farko ba ya bukatar a tashe shi. Kalar da na samu a Zaron ta bi wuyana, ba ta bar min iyakar nan da ake gani a haɓa ba, fuska wata ƙasa wuya wata ƙasa.

Ta wajen taushi bai kai Luminous ba, wannan ba na ɓoyewa. Ya fi shi kama jiki, ya fi shi rufewa, saboda haka hannu mai nauyi zai iya wuce gona da iri da shi. A damina da bazara haka nake shafa shi, ɗan kaɗan. In hunturu ya kama, sai in haɗa shi da ɗigon man fuskata a tafin hannu in cakuɗa kafin in shafa, sai ya saki. Da sabulu da ruwa yake fita ba tare da kokawa ba. Kuɗinsa kuma bai sa ni jin zafi in na wanke shi da azahar, wanda a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne na kullum. Mary Kay ɗin ya koma na biki da suna, shi ma sai ƙanwata ta aiko min ta hannun wanda na sani.

Fit Me na Maybelline ba zan daɗe a kansa ba. Wanda ya cika Kano shi ne Matte + Poreless, kuma su kansu masu shi sun rubuta na mai maiƙo ne. Ɗan'uwansa Dewy + Smooth shi ne na busasshiyar fata, yana da sauƙi a fuska, ya dace da wadda fuskarta ba ta da tabo sosai, tana so ne kawai launi ya daidaita. Kalolin da suka fi zuwa kusa da mu su ne irin 330 Toffee, 355 Coconut da 360 Mocha. In kin ci karo da na gaske a kalarki, ki saya, ba za ki yi kuka ba. Samunsa ne aiki.

To tabon fa? Don na san wata za ta ce duk wannan ɗan kaɗan ɗin da nake ta faɗa ba zai rufe mata duhun kumatu ba. Gaskiya ne, ba zai rufe ba, kuma ba aikinsa ba ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙara wa fuska duka kauri saboda wuri uku. Nan ne sandar fandeshan ta kamfanin Black Opal take da rana. Kamfanin tun 1994 yake yi wa baƙaƙen mata kaya, shekara ɗaya da kamfanin Iman, 'yar Somaliyar nan. Sandarsu ta True Color tana da kauri, don rufewa aka yi ta. Ba na zana ta a fuska. Yatsa nake gogawa a kanta, ɗumin yatsan ya narkar da ita, in danna a kan tabon kawai, in bi gefensa in ɓatar. Sanda ɗaya sai ta gaji da zama. Ga wadda duhunta ya yi ƙarfi, akwai konsila, wato abin rufe tabo, ruwan lemo ta L.A. Girl Pro Conceal. Ruwan lemo yana kashe baƙi mai shuɗi-shuɗi, sai a sa ɗan ƙyas a ƙasa, a ɗora kalar fata a sama. Abin da ba na so shi ne yayin nan na sa konsila mai haske sosai a ƙasan ido har zuwa kunci. A fuskar 'yar shekara 20 yana iya wucewa. A tamu, haske yana jawo ido ne zuwa daidai wurin da fata ta fi laushi da tattarewa.

Bari in ɗan ratse, don akwai ƙawayena da abin ya shafa. Wadda ta yi shekaru tana shafe-shafen bilicin, fatarta ba irin tawa ba ce. Mayukan da ke da sitiroyid suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, sinadarin haidirokwinon kuma in an daɗe ana shafa shi yana barin wani baƙi a saman kumatu mai wuyar fita, wanda muke gani a fuskokin mata da yawa a gidajen biki. Hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan a 2023. Irin wannan fuskar, kafin a yi maganar wane fandeshan, likitan fata ya kamata ya gani, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano. Ba gori nake yi ba, zamani ne ya zo mana da shi muna 'yan mata, wasu suka faɗa wasu Allah ya tsare.

Ga yadda safiyata take. Bayan wanka, fuska da sauran danshi, nake shafa mai. A hunturu man kaɗe nake murzawa a tafin hannu har ya narke, in danna a kumatu da gefen baki, ban da goshi da hanci. Sai in tafi in haɗa shayi, don in aka ɗora fandeshan a kan man da bai shiga ba, zamewa yake. Man kariya daga rana yana biyo baya, wanda ba ya barin fari, domin rana ce take ƙara wa tabon nan duhu, kuma ɗan abin da ke cikin fandeshan bai isa ba tunda kaɗan muke shafawa. Sannan in zauna a bakin taga, ba gaban madubin ɗaki ba. Ɗigo ɗaya a bayan hannu. In jiƙa soson kwalliya in matse shi sosai, in ɗangwala, in fara daga gefen hanci in yi waje, ina dannawa. Goshi abin da ya rage a soson ya ishe shi. Ƙasan ido ba na kai wa har gindin gashin ido, ina tsayawa inda duhun ya tsaya. Sai in yi murmushi da gangan, in ga inda ya kwanta a layi, in ɗauke da gefen soson. Gefen fuska inda hijabi ke zama ba na shafa komai. Duka-duka bai kai tafasar ruwan shayi biyu ba.

Hoda ita ce abokiyar gabar da muke ɗauka ƙawa. Mu da muka tashi da fankeke da farar hoda, hannunmu ya saba, in ba mu shafa ba sai mu ji kamar ba mu gama ba. Amma hoda aikinta shan mai, fuskar da ba ta da mai me za ta sha? Ina da ta Zaron mai kalar fata, da burushi nake ɗiba, in kaɗe, in taɓa goshi da hanci da haɓa, shi ke nan. Kumatu da ƙasan ido ba ta zuwa.

Wannan ya kawo ni kan masu kwalliyar biki. Yaran nan sun iya, ba na raina musu, amma hannu ɗaya gare su: yadda za su yi wa amarya haka za su yi wa uwarta. A zuba hodar nan rawaya a ƙasan ido a bar ta ta jiƙa, a zana hanci, a zana gira da faɗi, a liƙa gashin ido, a watsa ƙyalli a kunci. A bikin 'yar yayata na ga an yi wa wata dattijuwa haka, mace mai kyau da kamala, ta fito wurin kamu jikokinta suna leƙen fuskarta. Da hotuna suka fito kuma ƙasan idon ya yi fari fat, don wasu hodojin suna mayar da hasken kyamara. In ke ce uwar amarya ko uwar ango, ki tafi da kayanki, ki gaya mata tun kafin ta buɗe akwati: ba zanen hanci, ba jiƙa hoda, girata a bi ta yadda take. Za ta ce, "Mama, ba zai fito a hoto ba." Ki ce kin ji, a bar shi haka. Atamfarki da gwalanki da ɗaurinki za su fito.

Gira tana raguwa da shekaru, musamman wutsiyarta. Jagira ruwan ƙasa mai duhu ta fi baƙa, a ja ta gajeru-gajeru inda gashi ya yi ƙaranci. Baƙa wuluk tana sa fuska ta yi faɗa.

Kwalli kuwa ba na barin sa, shi ne kwalliyar da ba ta tsufa a idon Bahaushiya. Sai dai akwai abin da ya kamata a sani. Kwallin dutse mai ƙyalli da muka gada, wanda ake daka shi a zuba a tandu, galibinsa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar kwallin da aka kai masa daga Najeriya ne, da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ni na koma fensirin ido mai taushi, jikokina kuma na hana a sa musu na dutse, duk da sai da muka kai ruwa rana da kakarsu ta wajen uba.

Jan baki: irin na ruwan nan mai bushewa ƙam a leɓe, na bar wa 'yan mata. Leɓe ma yana sirancewa yana tsagewa, a hunturu ba a magana. Mai maiƙo nake sa wa, kalar da ta ɗan fi leɓena ja kaɗan, in ɗangwala da yatsa maimakon in zana. Fensirin leɓe ruwan ƙasa a gefe yana hana shi bin 'yan layukan da ke saman leɓe. Ja mai haske ina sonsa a kan wasu, a kaina sai in ga bakin ya riga ni shiga ɗaki.

Abu ɗaya da ba a cika kula da shi ba, tunda mu kaɗan muke shafawa, bututu ɗaya yana daɗe mana har ya lalace ba mu sani ba. A jikin yawancinsu akwai ɗan hoton gwangwani a buɗe, an rubuta 12M ko 24M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi.  Wanda aka bari a cikin mota, ko a kan madubi kusa da taga a watan Afrilu ga ba wuta, ba zai kai ba. Nawa a cikin durowa yake, can ƙasa inda rana ba ta zuwa, kuma ina rubuta watan da na buɗe shi da biro a gindinsa. In ya fara rabuwa, ko warinsa ya sauya, ko ya fara yi miki ƙaiƙayi, a shara ya dace, ko da saura rabi. Ragowar kayan lefen da 'yarki ta bar miki shekara uku da suka wuce ma haka, kuma kada ki ba 'yar aiki.